Ƙarar da Na Ƙi Kashewa

Akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina a wannan sana'a. Wata Alhamis ce cikin watan Agusta, ina shekarata ta biyu a garejin Oga Tanimu da ke Unguwar Sarki. Ku da kuka shigo bayana, musamman 'yan matan da aka ɗauka bana, kun sha tambayata me ya sa nake zama a kan wata 'yar tsohuwar kujerar katako idan ina aikin ƙafar mota, alhali ga kujeru masu taya nan an saya mana. Nakan ce muku sabo ne. Ba ƙarya na yi ba, amma sabon yana da mafari, shi ne zan rubuta muku yau.

Ga wanda bai san gareji ba, ga yadda tsarinmu yake a lokacin. Oga Tanimu ne mai wurin, Bazazzagi, tun yana yaro yake kwance a ƙarƙashin mota har furfura ta same shi a can. A ƙarƙashinsa akwai masu inji, da masu wayar wutar mota, da masu ƙafa. Ƙafa a bakinmu ita ce duk ƙarafan da ke riƙe da taya, su ba ta damar hawa da sauka da juyawa. A nan aka sa ni bayan na gama karatun kanikanci a kwalejin fasaha. Ni kaɗai ce mace. Suna kirana Injiniya, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don a samu abin dariya. Daga yadda aka ja ƙarshen kalmar nake gane wanne ake nufi.

Akwai al'adu biyu da ba wanda ya rubuta su, amma kowa yana bin su. Ta farko, idan ƙara ce ta kawo mota, ma'aunin gyara ɗaya ne: ƙarar ta ɗauke. Mai mota ya zagaya bai ji komai ba, to an gama, kowa ya yaba. Ta biyu, idan mai motar babban mutum ne, shi yake bayani. Direbansa sai ya miƙa makulli ya koma bencin mai shayi. Mutumin da yake kan sitiyari tun asuba har magariba ba a tambayarsa komai.

Motar da ta shigo ran nan farar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, ta Alhaji Badamasi, Bakano, ɗan kasuwar hatsi, mai gonar masara da kaji a bayan Katabu. Motocin kasuwancinsa duk mu muke gyara su, saboda haka idan ya shigo har rediyon masu waya ake rage wa murya. Wannan motar kuwa ita ce 'yar lelensa. Ya sa wani mai walda ya ɗaga ta: an cusa zobban ƙarfe masu kauri a saman sifirin na gaba, an sa mata manyan tayoyi, ta koma tana kallon sauran motoci ta ka. Shi cewa yake saboda taɓon hanyar gona ya yi haka. Amma duk wanda ya ga yadda yake shafa ƙofarta ya san ba taɓo kaɗai ba ne. Taguwa yake kiranta.

Tsayin nata ya kai ga Alhaji ba ya iya hawa sai da abin takawa. Direbansa, Malam Isiya, wani dattijo Bazamfare mai ɗan farin gemu, shi yake yawo da 'yar kujerar katako a bayan motar. Da an tsaya sai ya sauko, ya zagaya, ya ajiye ta a bakin ƙofa, Alhaji ya tattare babbar riga ya tako.

Zuwanta na uku ke nan a kan ƙara ɗaya. A karon farko an canza mata wasu ƙananan sanduna, a na biyu an canza shokozoba, masu shanye girgizar hanya. Kowane karo ta yi shiru na 'yan kwanaki, ta dawo da ƙarfinta.

"Tanimu!" in ji Alhaji tun kafin ƙafarsa ta bar kujerar. "Zo ka ji ikon Allah. Ka canza wannan, ka canza wancan, Taguwa kuma tana nan tana kaɗa min ganga."

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, za a sake dubawa."

"Ni fa na gano inda matsalar take. Ba motar ba ce. Ga ta can." Ya nuna Malam Isiya da hannun da ke riƙe da carbi. "Mutumin da ya saba jan gingimari a daji, in ya ga rami sai ya tsaya sun gaisa. Ka gyara min ita yau. Jibi Asabar za ta ɗebi masu ciran ciyawa zuwa gona. Kai kuma Isiya, in na ƙara jin ko tari ne daga gabanta, ka ajiye min makullina. Na samu yaro mai taushin hannu."

Malam Isiya ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji." Alhaji ya shiga wata motar da ta biyo shi, ya ce sai bayan la'asar.

Oga Tanimu ya jefo mini makullin. "Injiniya, ga ki ga Taguwa. Mun gwada namu, a gwada na boko."

Abin da aka saba shi ne a sa jak a ɗaga mota a girgiza taya. Ni kuwa na nufi bencin mai shayi, inda Malam Isiya yake zaune da kofi a hannu ba ya sha. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, taso mu zagaya da ita. Kai za ka tuƙa."

Ya dube ni kamar na yi masa magana da wani yare. "Ni, ɗiyata?"

"Kai kake jin ta kullum."

Wani daga cikin masu inji ya ɗaga murya, "Injiniyaaa, ki tafi da kwamfutarki ta taya ki sauraro!" Aka yi dariya. Malam Isiya ya ajiye mini kujerar Alhaji na taka na hau, aka ƙara wata dariyar. Ban waiga ba.

Na ce ya kai ni inda take ƙarar. Bai yi shawara ba, ya kama hanyar Rafin Guza. Can yake zaune, ya ce, a ɗaki biyu na haya, shi da iyalinsa da 'ya'yan ƙaninsa da suka biyo shi daga gida. An yi ruwa da asuba, lungunan sun cika da ramuka, ruwa ya kwanta a cikinsu sararin sama yana leƙo kansa a ciki. Na sauke gilashi, na kashe fanka, na rufe ido.

Tun ina ƙarama nake son sauraro. Ruwan sama a kan kwanon ɗakinmu ina rarrabe na farkon damina da na ƙarshenta. Ƙarar mota ma haka take, kowace da muryarta da lokacin da take magana. Ran nan murya uku na ji. Akwai wata 'yar siririya kamar ana goga roba, tana zuwa idan ya karya kan motar gaba ɗaya. Wannan babbar taya ce take shafar jikin mota, ba ta kashe kowa. Akwai wata ƙyas-ƙyas idan an sha kwana, ita ma na san gidansu, ba ta da haɗari. Ta ukun ce ta sa na buɗe ido. Gwaf! Sau ɗaya, mai nauyi, daga ƙarƙashin ƙafata ta dama, kamar an saki taɓarya a cikin turmin da babu komai.

"Wannan ce?" na tambaya.

"Ita ce. Kuma ki lura, ba sa'ad da muka hau tudu take yi ba. Sai tayar ta hwaɗa rami, ko mun sauko daga kan tudun rage gudu."

"Ka taɓa faɗa wa wani haka?"

"Wa ya tambaye ni?" Ya yi ɗan murmushi. Can ya ƙara da cewa, "Kuma kwanan ga, in na kama titin Zariya da gudu, kanta na yawo. Sai na riƙe ta da hannu biyu kamar mai kokawa."

Maganar nan tasa ta fi mini duk wata na'urar da ke garejin. Ƙarar da take zuwa lokacin da taya ta sauka ƙasa tana nufin wani abu yana kai wa ƙarshen iyakarsa. Mota kuwa da aka ɗaga, ƙafarta a miƙe take tun kafin ta ga rami.

Da muka dawo na fara ɗaga ta yadda aka saba, jak a jikin shasi, taya a rataye. Na girgiza, ko motsi babu. Wannan shi ne abin da waɗanda suka duba kafin ni suka gani, kuma ba laifinsu ba ne: idan ƙafar ta rataye, ƙarfin sifirin yana ɗaure komai tam, lalataccen abu ma sai ya zama kamar sabo. Sai na sauke ta, na mayar da jak ɗin ƙarƙashin hannun ƙasa na ƙafar, wato ƙarfen da ke tallafe da taya daga ƙasa, yadda nauyi zai bar mahaɗar da ke samanta. Na zura dogon ƙarfe na banƙara.

Saman tayar ya yi baya ya dawo, ya ce gwaf.

A saman kowace tayar gaba akwai wani ƙarfe da muke kira bol joyin. Kansa kamar ƙwallo yake, yana zaune a cikin kwasfa, daidai yadda ƙashin cinyar mutum yake zaune a ƙugunsa. Shi yake riƙe da kan taya. Na Taguwa, saboda ɗagawar da aka yi mata, an tanƙwara shi fiye da yadda aka halitta masa, kullum yana cizon bakin kwasfarsa. Robar da ke rufe shi ta yage, ruwa da yashi sun shiga, bakin kwasfar ya cinye. Na haska fitila na ga wani abu kuma: a jikin sifirin akwai wuri ɗaya da fenti ya goge, yana ƙyalli kamar azurfa, inda hannun sama, ƙarfen da bol joyin yake a bakinsa, yake dukansa duk lokacin da taya ta faɗa rami. Ran da ƙwallon nan ya fice daga kwasfarsa, taya kifewa take. Idan a tsaye ne, sai a kira mai jan mota. Idan a titin Zariya ne, da mutane cike a baya, ba mai jan mota ake fara kira ba.

Na je na kira Oga Tanimu. Na yi zaton zai yi mamaki. Ya tsuguna, ya taɓa wurin da ke ƙyalli da ɗan yatsa, ya miƙe yana goge hannu.

"Kina tsammani ban gani ba?"

Na ɗago kai na dube shi.

"Tun zuwan farko na ga ƙyallin nan," in ji shi a hankali. "Ban dai san ƙwallon ya ci har haka ba. Saurara, Injiniya. Kafin mu, wani yake gyara wa Alhaji motoci a Kawo. Ranar da ya ce masa ɗagawar nan ba ta yi ba, ranar Alhaji ya kwashe motocinsa ya kawo nan. Mutum nawa kike gani suna cin abinci a wurin nan? Ki cika shi da giris, ki doki bakin kwasfar da guduma ya matse, ki naɗe sifirin da robar tsohon tub na cikin taya. Za ta yi shiru. In ta kwana biyu sai mu san dabarar da za mu canza shi ba tare da mun taɓa masa Taguwa ba."

"Ko sabo muka sa, Oga, haka zai ci. Kuma wannan ba zai kai kwana biyun ba."

"Allah ne mai tsarewa."

"Shi ne. Shi ne kuma ya sa ta yi ƙara don mu ji."

Ya kalle ni sosai. Ban taɓa mayar masa da magana ba. Ni mutum ce da ko a gida ba a jin muryata; ƙannena sukan ce in na yi faɗa kamar ina rarrashi. Amma na ji bakina yana cewa, "Oga, ba zan kashe ƙarar nan ba. Ka sa ni wankin noti har shekara, ka sallame ni in ka ga dama. Hannuna dai ba zai riƙe gudumar nan ba."

Ya ce, "To ajiye. Bayan azahar zan yi da kaina." Ya tafi.

Wannan bai yi mini zafi kamar abin da ya biyo baya ba. Malam Isiya ya ji komai, domin yana tsaye a bayan motar. Ya matso, ya tsuguna kusa da ni, dattijo sa'an mahaifina, ya rage murya.

"Ɗiyata, don Allah ki yi abin da Oga ya ce."

"Baba, kai ne fa a kan sitiyarin."

"Na sani. Ni zan bi ta a hankali, ba ni wuce tafiyar keke. In kika hwaɗa ma Alhaji motarshi ce ke da laihi, ba shi yarda, sai shi ce ni na haɗa baki da ke. In ƙarar ba ta ɗauke ba kuma, kin ji abin da ya ce. Wa ke ɗaukar direba mai furfura a garin ga? Mutuwa ta Allah ce, ɗiyata. Yunwar yara kuwa gobe da safe take."

Na dubi hannuwansa, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Na ji idona ya cika, na sunkuya kamar ina neman sufana. Duk abin da na karanta a makaranta babu shafin da ya gaya mini abin da zan ce wa mutumin da yake roƙona in taya shi ɓoye abin da zai iya kashe shi. Kuma gaskiyarsa ce: idan na yi magana, zan iya zama sanadin korarsa, ba ni zan ciyar da yaran ba.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na fi son ka yi fushi da ni kana raye."

Ya tashi ya koma benci ya juya mini baya.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci. Ni a ɗan ɗakin ajiyar kaya nake sallata. Na idar, na fito, gareji shiru sai kukan tattabaru a kan rufi. Na ɗauki kayan aikina, na kafa motar a kan ƙafafun ƙarfe, na cire tayar dama, na kwance hannun sama gaba ɗaya da bol joyin ɗinsa, na wanke shi da fetur har giris ɗin ya fita tas, na naɗe shi a tsumma na riƙe. Ba a ɓoye na yi ba. Da Oga Tanimu ya dawo da guduma a hannu, ya tarar da Taguwa a ƙafa uku, ni kuma ina zaune a gabanta da ƙarfen a cinyata.

"Kawo," ya ce.

"Sai mai motar ya gani."

Oga ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye gudumar a kan benci ya ce, "To. Ke kika dafa, ke za ki raba." Ya shige ofishinsa.

Alhaji ya iso bayan la'asar kamar yadda ya ce. Da ya ga motarsa ba taya sai ya tsaya cak.

"Tanimu! Wa ya karya min Taguwa?"

Kafin Oga ya fito na miƙe na gaishe shi har ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce na kwance ta. Na gano ƙarar. Ba daga tuƙin Baba Isiya take ba. Daga ɗagawar da aka yi mata ce."

Ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya juya wajen Oga da ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. "Yaushe ka fara ajiye 'yan makaranta suna yi wa mutane lacca? Yarinya, motar nan kafin a ɗaga ta sai da na ga irinta da yawa a waya, a ƙasashen da suka ƙera ta."

"Haka ne, Alhaji. Su idan sun ɗaga, sukan canza hannuwan da mahaɗan su dace da tsayin. Taka zobe kawai aka cusa aka bar sauran suna wahala." Na warware tsumman na miƙa masa. "Don Allah riƙe, ka girgiza."

Ina jin mamaki ne ya sa ya karɓa. Ya girgiza. Ƙwallon ya yi ƙwal-ƙwal a cikin kwasfarsa kamar tsakuwa a gwangwani.

"Sabo ba ya motsi sai an sa ƙarfi," na ce. "Wannan ɗan leɓen da ya rage shi kaɗai ne yake riƙe da kan tayarka. Za mu iya sa shi ya yi shiru yanzun nan, mintoci kaɗan ne. Ba za ka ƙara jin komai ba har ranar da zai fice. Kuma na ɓangaren dama ne, Alhaji. Ba ƙarƙashin direba yake ba. Ƙarƙashin kujerar da kake zama yake."

Ya daina girgizawa. Ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙofar da yake shiga, sannan ya ce, "Tanimu, gaskiya ne abin da yarinyar nan take faɗa?"

Ina kallon Oga, yana kallon motocin Alhaji biyu da ke jiran gyara a gefe. Da ya ce shirmen ƙuruciya ne, da magana ta ƙare, da ni da Malam Isiya duka. Sai ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Tun zuwan farko na ga alama, na ji nauyin faɗa maka. Isiya ba shi da laifi. In ma da wani ne yake tuƙa ta da garaje, da tuni an yi abin da ba a so."

Alhaji ya ajiye ƙarfen a kan bonet, ya goge hannunsa da hankici. Ya shiga motar da ta kawo shi ya tafi. Bai ce a gyara ba, bai ce a bari ba, bai ce wa Malam Isiya ya biyo shi ba. Dattijon ya tsaya yana kallon ƙofar gareji har motar ta ɓace, sannan ya taka da ƙafa ya nufi bakin titi. Na ce, "Sai da safe, Baba." Bai juyo ba.

Washegari Juma'a Malam Isiya ya zo ya zauna a benci da makulli a aljihu, bai san ko nasa ne ko ba nasa ba. Na gaishe shi ya amsa da ka. Oga bai yi mini magana ba, aiki ma ta bakin wani yake aiko mini. Da hantsi direbobin Alhaji suka zo suka janye motocin nan biyu ba a ko taɓa su ba. Kowa ya kalle ni. Na ci gaba da wanke notin da aka ba ni, ina ce wa kaina ko yau aka sake kawo gudumar, amsata ba za ta canza ba.

Bayan an sauko daga masallaci wayar Oga ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "to, ranka ya daɗe" sau da yawa, ya kashe. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Ya ce a cire zobban, a mayar da ita yadda aka haife ta, a sa sababbin mahaɗai hagu da dama. Ya ce 'yar lacca ta yi da hannunta." Ya ɗaga murya yadda benci zai ji. "Ya ce kuma Isiya ya kai masa ita gida in an gama, gobe da sassafe akwai tafiya gona."

Malam Isiya ya rufe fuska da tafukansa, ya daɗe a haka.

Mun gama kafin magariba, Oga da kansa ya riƙe mini fitila. Da muka sauke ta daga kan jak, Taguwa ta koma mota kamar sauran motoci. Muka zagaya da ita Rafin Guza, ta faɗa ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ke tashi sai ƙarar ruwa. A titi Malam Isiya ya saki hannu ɗaya daga sitiyari, ya dube ni, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

Motocin Alhaji ba su dawo garejinmu ba sai bayan an yi girbi, kuma Oga bai bar ni na manta da haka ba ko na rana ɗaya. Da suka dawo, abin da ya ce shi ne, "Daga yau ke za ki riƙa faɗa wa alhazai gaskiya. Ni na tsufa, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. A sana'armu shiru ba shi ne lafiya ba. Kowa zai iya sa mota ta yi shiru. Ƙara ita ce kawai hanyar da ƙarfe yake da ita ta gaya mana ya gaji, kuma wanda ya toshe masa baki ya ɗauki alhakin duk wanda zai hau. Ku tambayi direba kafin ku ɗauko jak. Kada kuma ku yi saurin raina wanda ya ce ku rufe matsala, domin sau da yawa ba mugunta ba ce, tsoron bakunan da yake ciyarwa ne. Ku tausaya masa, ku gaishe shi da ladabi, ku ƙi.

A yammacin nan na Juma'a, kafin Malam Isiya ya tafi kai motar, ya zagaya baya ya sauko da 'yar kujerar katakon. Ya ajiye ta a gabana, ya goge samanta da hannun rigarsa.

"Alhaji ba shi buƙatar ta yanzu," ya ce. "Ke kuwa na ga kullum a tsugune kike. Zauna, ɗiyata."

Na zauna. Har yau ban tashi ba.